Darasi Na Sha Ɗaya: Lissafi a Kasuwar Iware

Idan ka tashi daga Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, ka kama hanyar da ta nufi Wukari, ba za ka yi nisa ba za ka iso Iware. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Ardo Kola, kuma abin da ya fito da sunansa shi ne kasuwar shanu, wadda masu sana'ar suke kira kara. Ranar da kasuwar take ci, Fulani makiyaya sukan koro dabbobinsu tun da sassafe. Dillalai suna kai da kawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa, mahauta suna duba bijimai, fatake daga kudancin ƙasar nan suna jiran a cika musu manyan motoci. Za ka ji Fulatanci a nan, ka ji Mumuye a can, ka ji Tibi da Jukun da Ibo. Amma da zarar an zo maganar kuɗi, yawanci sai kowa ya koma Hausa, domin ita ce harshen da ya haɗa su.

Ni malamin harshe ne, kuma wannan littafi na koyon Hausa ne. To, me ya kawo lissafi cikinsa? Dalilin shi ne, a shekarun da na yi ina koyarwa na ga ɗalibai da yawa waɗanda suka iya ninkawa da rabawa sarai, amma idan aka ba su tambaya cikin jimloli sai su rasa wanne za su yi. Hannunsu ya iya aikin, kunnensu ne bai kama abin da aka tambaya ba. Akwai abubuwa biyu da suka fi rikita su. Malamin lissafi yakan rubuta su a allo da haruffan LCM da HCF. Mu a nan za mu kira na farko ƙaramin ninki na tarayya, na biyu kuma babban mai raba na tarayya. Za ka same su duka biyu a kasuwar Iware, a bakin mutanen da wasunsu ba su taɓa zama a aji ba.

Kafin mu shiga, riƙe waɗannan kalmomi. Tarawa ita ce haɗa lamba da lamba: uku a tara da huɗu, bakwai ke nan. Ɗebewa ita ce cire ƙaramar lamba daga babba. Ninkawa ana yin ta da kalmar sau: uku sau huɗu, sha biyu. Rabawa ita ce kasa abu kashi-kashi, abin da ya rage bayan an kasa kuma shi ne saura. Idan ka raba goro 14 tsakanin mutum 4, kowa zai sami 3, saura 2.

Yaushe za su sake haɗuwa?

Bahaushe yakan ce kasuwa tana ci. Kada ka zaci abinci ake nufi. Ma'anar ita ce mutane sun taru ana saye da sayarwa. Kasuwar Iware mako-mako take ci, wato kwana bakwai-bakwai, kamar yawancin kasuwannin garuruwan ƙasar Hausa. Lura da yadda aka maimaita lambar. Idan Bahaushe ya ce bakwai-bakwai, yana nufin abin yana dawowa duk bayan kwana bakwai.

Sai dai ba kowace al'umma ce take ƙirga mako da kwana bakwai ba. Makon gargajiya na Ibo kwana huɗu ne, kuma kowace rana da sunanta: Eke, Orie, Afo da Nkwo. Har yau akwai kasuwanni a ƙasar Ibo da ake kira da sunan ranar da suke ci. A ƙasar Tibi kuwa, kasuwanni da yawa kwana biyar-biyar suke ci.

Yanzu a ce akwai wani falke ɗan ƙabilar Ibo. A Iware yake sayen shanu, a kasuwar garinsu mai ci ranar Nkwo yake sayar da su. Yau ranar kasuwar Iware ta faɗo daidai da ranar Nkwo. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka dole ya tsaya a wuri ɗaya, ya aiki ƙanensa ɗaya wurin da kuɗi masu yawa a aljihu. Ƙanen kuwa bai ƙware da duba dabba ba, yana iya sayo saniya mai ciwo. Falken yana so ya san ranar da kasuwannin biyu za su sake karo, domin ya yi shiri tun da wuri. Yaya zai yi?

Sai ya jera kwanakin da kowace kasuwa za ta ci daga yau.

Iware: 7, 14, 21, 28, 35, 42, 49, 56
Nkwo: 4, 8, 12, 16, 20, 24, 28, 32, 36, 40, 44, 48, 52, 56

Layin farko shi ne jerin ninkin 7, wato bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, bakwai sau uku, har gaba. Layi na biyu jerin ninkin 4 ne. Duba da kyau. Wace lamba ce ta fito a layukan biyu? Akwai 28, akwai 56. Da za ka ci gaba da rubutu, za ka ga 84, ka ga 112, ba iyaka. Duk waɗannan ninki ne na tarayya, domin 7 da 4 sun yi tarayya a cikinsu. Amma falken bai damu da 112 ba tukuna. Wanda zai fara riskarsa shi ne 28. Shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi ya sa muka ce ƙaramin ninki na tarayya. Watan gargajiya na Ibo ma kwana 28 ne: mako bakwai a ƙirgarsu, mako huɗu a tamu.

Idan mai sayar da doya ne daga ƙasar Tibi, wanda kasuwarsu take ci kwana biyar-biyar, sai ka jera 5, 10, 15, 20, 25, 30, 35. A 35 zai yi karo da Iware.

Ga wani abu na harshe da ya kamata ka kiyaye, domin yana ɓata lissafi tun kafin a fara shi. Bahaushe dare yake ƙirgawa. Kwana yana nufin an kwanta an tashi. Idan aka haifi yaro ranar Laraba, ranar Laraba mai zuwa ake raɗa masa suna, an yi kwana bakwai ke nan, kuma ana ce wa wannan rana ita yau. Yarabawa kuwa, idan suna ƙirga kwanakin kasuwa, sukan haɗa da ranar da aka fara da ranar da aka ƙare. Saboda haka kasuwar da ke dawowa bayan kwana huɗu, su sukan kira ta ta rana ta biyar. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa da yadda ya gada. Amma kai mai lissafi, idan aka ce maka kasuwa tana ci kwana biyar-biyar, tambayi mai maganar sau nawa ake kwanciya tsakanin wannan ci da na gaba. Idan ka ɗauki 5 alhali 4 ake nufi, za ka gaya wa falke 35 a maimakon 28, ya yi latti da mako guda cur.

Tarko

Wataƙila ka riga ka lura cewa 7 sau 4 shi ne 28, kuma 7 sau 5 shi ne 35. Sai zuciyarka ta ce maka, ai ba sai na wahala da jeri ba, ninka lambobin biyu kawai zan yi. Nan ne ɗalibai da yawa suke faɗawa rami.

A ce wa da ƙane direbobi ne, gidansu yana Iware. Wan yana dawowa gida kwana shida-shida, ƙanen kwana huɗu-huɗu. Yau duka suna gida, gobe kowa zai kama hanyarsa. Mahaifiyarsu tana so ta sake samun su tare, domin a tsayar da ranar auren ƙanwarsu, dangin ango kuma sun matsa. Ta tambayi jikanta ɗan makaranta. Yaro ya ninka 6 da 4, ya ce, "Kaka, sai bayan kwana 24." Tsohuwa ta aika wa dangin ango su dakata.

Mu jera mu gani. Wan: 6, 12, 18, 24. Ƙanen: 4, 8, 12, 16, 20, 24. Gaskiya ne za su haɗu a kwana na 24, amma sun riga sun haɗu a kwana na 12. Yaron ya sa an yi jiran kwana sha biyu a banza.

Me ya bambanta wannan da na falke? Tsakanin 7 da 4 babu wata lamba da take raba su duka biyu ba saura, in ban da 1. Amma 6 da 4 duka suna rabuwa da 2. Wannan 2 ɗin da suka yi tarayya a kansa shi ne yaron ya ƙirga sau biyu, shi ya sa amsarsa ta ninka ta gaskiya. Wannan ya kawo mu ga abu na biyu.

Kashi nawa za a yi?

Mai raba lamba ita ce duk lambar da za ta raba ta daidai, ba saura. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Biyar ba ta cikinsu, domin idan ka raba 12 gida biyar, 2 za su rage.

A ce wani dillali a kara an damƙa masa bijimai 36 da shanu mata 60. Mai dabbobin ya ce a kasa su kashi-kashi domin ƙananan 'yan kasuwa su iya saye. Sharaɗinsa shi ne kowane kashi ya zama daidai da ɗan'uwansa, yawan bijimai ɗaya, yawan mata ɗaya, kuma kada ko ɗaya ta rage a turke. Dillalin yana so kashin ya yi yawa iyakar yadda zai yiwu, domin kowane ciniki da la'adarsa.

Masu raba 36: 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36
Masu raba 60: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30, 60

Waɗanda suka fito a layukan biyu su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Yana iya yin kashi 2, ko 4, ko 6, duka za su tafi daidai. Idan ya gwada kashi 18, bijimai za su rabu biyu-biyu, amma mata za su rabu uku-uku, shida su rage. Idan ya gwada 15, mata za su rabu, bijimai su ƙi. Mafi yawan da zai iya shi ne 12: kowane kashi bijimai 3 da mata 5. Wannan 12 shi ne babban mai raba na tarayya.

Tsaya ka dubi sunayen nan biyu, domin a cikinsu rikicin yake. Wanda ake kira ƙarami, amsarsa babba ce: 28 ta fi 7, ta fi 4. Wanda ake kira babba, amsarsa ƙarama ce: 12 ba ta kai 36 ba, balle 60. Na taɓa samun wata ɗaliba mai kaifin basira da ta yi fushi da wannan, ta ce duk wanda ya raɗa sunayen da gangan ya yi don ya ka da yara a jarrabawa. Na yi dariya, amma na fahimci kukanta. Abin da ta manta shi ne kowane suna yana magana ne a kan 'yan gidansu. Ƙaramin giwa ya fi babban ɓera. Ninki kullum hawa yake yi, ba shi da ƙarshe, saboda haka ba za a taɓa samun babbansa ba, sai dai a nemi ƙaraminsa. Masu raba kuwa ba sa wuce lambar da suke rabawa, kuma ƙaraminsu kullum 1 ne, wanda bai gaya maka komai ba, saboda haka babbansu ake nema.

Hanyar farfasa lamba

Jeri yana da kyau idan lambobi ƙanana ne. Idan suka girma, takarda za ta cika kafin ka kai. Akwai hanyar da ta fi sauri.

Wasu lambobi ba sa rabuwa da komai sai da 1 da kuma kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, da sauransu. A wannan darasi za mu kira su ƙi-rabu. Kowace lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta ƙi-rabu ce, ko kuma an gina ta da su, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Farfasa 36 da 60 ka gani.

36 = 2 × 2 × 3 × 3
60 = 2 × 2 × 3 × 5

Idan babban mai raba kake nema, ɗauki tubalan da suke cikin gidajen biyu kaɗai. Akwai 2 guda biyu a kowanne, akwai 3 guda ɗaya a kowanne. Ninka su: 2 × 2 × 3 = 12. Amsar dillali ke nan. Idan ƙaramin ninki kake nema, ɗauki waɗannan na tarayya sau ɗaya tak, sannan ka ƙara duk abin da ya rage a kowane gida, wato 3 daga 36 da 5 daga 60: 2 × 2 × 3 × 3 × 5 = 180.

Kana iya gwada aikinka. Ga lambobi biyu, idan ka ninka babban mai raba da ƙaramin ninki, amsar za ta yi daidai da ninka lambobin biyu na asali. 12 sau 180 shi ne 2,160. 36 sau 60 ma 2,160 ne. Da jikan tsohuwar nan ya san wannan, da ya raba 24 da 2 ya sami 12.

Hanyar ɗebewa

Ga wata hanya da ni na fi ƙauna, domin ko wanda bai haddace jadawalin ninkawa ba zai iya yin ta da tsakuwa a ƙasa. Tsohuwa ce ƙwarai. Wani masanin lissafi mai suna Yukilid, wanda ya zauna a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta ta a kashi na bakwai na babban littafinsa. Har yau ana koya wa kwamfuta ita.

Tara tsakuwa 60 a dama, 36 a hagu. Daga tarin da ya fi yawa, cire adadin ƙaramin. 60 a ɗebe 36, saura 24. Yanzu kana da 36 da 24. 36 a ɗebe 24, saura 12. Kana da 24 da 12. 24 a ɗebe 12, saura 12. Tarin biyu sun zo daidai, 12 da 12. Ka iso, amsar ke nan.

Me ya sa take aiki? Duk lambar da ta raba 60 daidai, ta kuma raba 36 daidai, dole ta raba abin da ke tsakaninsu. Idan an kasa garke biyu goma sha biyu-biyu ba saura, ka kore ƙaramin garke daga cikin babba, abin da ya rage shi ma goma sha biyu-biyu zai kasu. Saboda haka lambobin suna ta raguwa, amma mai raba su yana nan bai motsa ba, har ya bayyana.

Gwada ta da 391 da 299, waɗanda farfasa su zai sa ka gumi. 391 a ɗebe 299, saura 92. Ɗebe 92 daga 299 sau uku, za ka bi ta 207 da 115 ka sauka a 23. Ɗebe 23 daga 92 sau uku, za ka bi ta 69 da 46 ka sauka a 23. Amsa 23.

Rabon gado

Inda na fi ganin nauyin wannan lissafi shi ne wajen rabon gado, domin a nan kuskuren lamba ɗaya yana iya raba zumunci. Hausa ta ari sunayen kason abu daga Larabci, kuma yana da kyau ka san su ko da wane addini kake bi, domin za ka ji su a kotu da gidan rediyo. Sulusi ɗaya bisa uku ne. Rubu'i ɗaya bisa huɗu. Sudusi ɗaya bisa shida. Tumuni, wanda wasu suke ce wa sumuni, ɗaya bisa takwas.

A ce wani makiyayi Musulmi ya rasu. Bayan an biya bashinsa an cika wasiyyarsa, shanu 72 suka rage. Ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji, da 'ya mace. A shari'ar Musulunci, tun da yana da 'ya'ya, matar tana da tumuni, wanda ake kira tumunin takaba, mahaifiyar kuma tana da sudusi. Abin da ya rage na 'ya'yan ne, namiji ya sami ninki biyu na rabon mace.

Yaya za a cire ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida daga dukiya guda? Idan aka kasa ta gida 8, sudusi ba zai fita ba. Idan aka kasa ta gida 6, tumuni ba zai fita ba. Ana bukatar lambar da 8 da 6 duka za su shiga cikinta daidai. Jera: 8, 16, 24. Sannan 6, 12, 18, 24. Malamin da ke rabon zai kasa dukiyar gida 24. Matar ta ɗauki 3, mahaifiyar ta ɗauki 4, saura 17 na 'ya'ya. Tun da shanun 72 ne, kowane gida shanu uku ke nan. Matar 9, mahaifiyar 12, 'ya'yan 51, ɗan ya sami 34, 'yar ta sami 17. Tara su ka gani ko sun cika 72. A zahiri akan yi wa dabbobin kuɗi kafin a raba, domin maraƙi da bijimi ba ɗaya ba ne, amma lissafin bai canja ba.

Malamai sun daɗe da sanin wannan 24. Masanin lissafin nan na Bagadaza, Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekara ta 820, ya ba da babban kaso na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. A ƙasar Hausa ma, almajirin da ya kai ga karatun gado yakan iya fitar da wannan lamba da ka, ko da bai taɓa ganin haruffan da malamin lissafi yake rubutawa a allo ba.

Saurari tambayar

Idan aka ba ka tambaya, kada ka yi gaggawar ɗaukar biro. Karanta ta sau biyu, ka nemi aikatau ɗin da ke cikinta. Idan ka ji sake haɗuwa, ko karo, ko faɗowa rana ɗaya, ko ka ga lamba mai maimaici a kan kwana ko awa, kamar huɗu-huɗu da shida-shida, to abubuwa ne masu zagayowa, kuma gaba ake duba. Ninki ake nema. Idan ka ji kasa, ko raba daidai, ko yanka, ko ba saura, tare da mafi yawa ko mafi tsawo, to akwai abu a hannu da ake so a gutsuttsura. Mai raba ake nema.

Amma ka ga misalin gado. Sunansa rabo, duk da haka ninki muka nema, domin lambar da 8 da 6 za su shiga cikinta muke so. Kalma ɗaya ba ta isa ta yanke maka hukunci ba. Tambayi kanka: amsar da nake nema, lambobin nan ne za su shiga cikinta, ko ita ce za ta shiga cikinsu?

Ma'anar kalmomi

kara: kasuwar dabbobi, musamman shanu
falke: ɗan kasuwa mai tafiya gari-gari, jam'insa fatake
dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa
la'ada: ladan da ake ba dillali bayan an yi ciniki
turke: gungumen da ake ɗaure dabba a jikinsa
garke: taron shanu ko tumaki
tarayya: abin da biyu ko fiye suka haɗu a kansa
takaba: zaman da mace take yi bayan rasuwar mijinta
cur: cikakke, ba ragi

Nahawu a taƙaice

Maimaita lamba yana nuna rabo ko zagayowa. Ka ba su biyu-biyu, wato kowa ya sami biyu. Yana zuwa kwana uku-uku, wato duk bayan kwana uku. Idan lambar doguwa ce, kalmar ƙarshe kaɗai ake maimaitawa: goma sha biyu-biyu, ashirin da biyar-biyar. Ka kuma sani cewa a kasuwa za ka ji dattawa suna faɗin 18 da ashirin biyu babu, 29 kuma talatin ɗaya babu. Ɗebewa ce suke yi a cikin sunan lambar.

Aiki

1. Rubuta waɗannan lambobi da kalmomin Hausa: 28, 35, 72, 180, 391. Rubuta 28 ta hanya biyu.

2. Me ake nufi da kasuwa tana ci? Kawo wasu jimloli uku da aka yi amfani da ci a cikinsu ba tare da nufin abinci ba.

3. Bayyana da kalmominka kuskuren da jikan tsohuwa ya yi, da abin da kuskuren ya jawo.

4. Kafin ka lissafa kowace tambaya a ƙasa, rubuta ko ninki ake nema ko mai raba, ka kuma ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka nuna maka haka.

(a) Mai sayar da dusa yana zuwa Iware kwana shida-shida, mai sayar da kanwa kwana takwas-takwas. Yau sun haɗu. Bayan kwana nawa za su sake haɗuwa?

(b) Wata mata tana da masara mudu 54 da dawa mudu 90. Tana so ta zuba su a buhuna, kowane buhu da awo ɗaya, ba tare da ta gauraya masara da dawa ba, kuma ba saura. Mudu nawa ne mafi yawa da za ta zuba a kowane buhu? Buhu nawa za ta bukata?

(c) Kasuwar Iware, da wata kasuwar Nkwo, da wata kasuwar ƙasar Tibi mai ci kwana biyar-biyar, duka sun ci yau. Bayan kwana nawa ukun za su sake ci rana ɗaya?

(d) Ana so a cire rubu'i da sulusi daga dukiya guda. Gida nawa za a kasa ta?

5. Nemo babban mai raba 119 da 85 ta hanyar ɗebewa. Rubuta kowane mataki da cikakkiyar jimlar Hausa, kamar haka: ɗari da sha tara a ɗebe tamanin da biyar, saura talatin da huɗu.

6. Tambayi wani dattijo ko dattijuwa a gidanku yadda ake ƙirga kwanakin kasuwa a harshenku, da kuma ko ana haɗawa da ranar da aka fara. Rubuta abin da aka gaya maka da Hausa cikin jimloli goma, ka kawo aji ranar darasi na gaba.